Babban Itace a Kan Ƙanƙara: Tarihin Jarome Iginla, Kashi na Uku

Makon jiya mun rabu da Jarome Iginla, ɗan wasan hokin ƙanƙara, a Kamloops, can lardin British Columbia na ƙasar Kanada, yana kwana a gidan mutanen da ƙungiya ta ba su riƙonsa, yana raba dare a motar safa daga wannan gari zuwa wancan. Ya ɗaga Kofin Memorial, babban kofin hokin matasa na Kanada, sau biyu a jere, 1994 da 1995, tun bai cika shekara 18 ba. Ga wanda kashin farko ya wuce shi: an haife shi ranar 1 ga Yuli 1977 a Edmonton, mahaifinsa Bayarabe ne daga Najeriya, mahaifiyarsa Ba'amurkiya, sunan Iginla kuwa da Yarbanci yana nufin babban itace. Yau za mu bi shi daga 1995 zuwa 2002, shekarun da itacen ya yi yana kafa saiwa kafin kowa ya ga inuwarsa.

A gasar NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ba a sayen yaro da kuɗi yadda manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai ke yi. Duk shekara, bayan an rufe kaka, ƙungiyoyin sai su hallara a zaure ɗaya su riƙa zaɓen 'yan shekara 18 bi da bi, kuma galibi waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a gaban layi. Yaron ba shi da ta cewa. Duk wadda ta kira sunansa, can ne gidansa. Zaman 1995 a Edmonton aka yi shi, garin da aka yanke masa cibiya, kuma Dallas Stars ce ta kira shi, shi ne na 11. Bai taɓa buga mata ko wasa ɗaya na gasa ba.

Dalili kuwa, a Calgary rigima ake yi. Kyaftin ɗin ƙungiyar garin, Calgary Flames, wato Joe Nieuwendyk, mutumin da ya ci 51 a cikakkiyar kakarsa ta farko, ya sake cin 51 a ta biyu, ya kuma ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, da su a 1989, ya ƙi buga wasa saboda saɓani kan kwantiragi. A Disamba 1995 Calgary ta miƙa shi ga Dallas, ta karɓi Corey Millen da kuma haƙƙin mallakar wani yaro da har lokacin yana Kamloops. A idon 'yan kallon Calgary, an ba da sa an karɓo maraƙi. Dallas ba ta yi asara ba, don a 1999 ta ɗauki kofin, kuma Nieuwendyk aka zaɓa gwarzon wasannin fitar da gwani na shekarar. Irin cinikin nan ne da ba kasafai ake samu ba, wanda kowa ya tashi da riba, sai dai ɗaya ya ci tasa da wuri, ɗaya ya jira shekara shida.

Maraƙin bai ɓata lokaci ba wajen nuna cewa ba a yi zaɓen tumun dare ba. A gasar matasa ta duniya ta 1996 ya haɗa maki 12, Kanada ta tafi da zinare. A Kamloops ya rufe kakar da ci 63 a wasa 63, maki 136. Don kada lissafin ya rikita mai karatu: a hokin ƙanƙara wanda ya jefa faifai (ɗan faifan roba da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo) a raga yana da maki ɗaya, mutum biyu na ƙarshe a ƙungiyarsa da suka taɓa faifan kafinsa su ma kowa yana da maki ɗaya. Da aka fitar da Kamloops a watan Afrilu, sai aka ɗora shi a jirgi zuwa Calgary, ya sa hannu a kwantiragi, aka jefa shi tsakiyar wasannin fitar da gwani da Chicago Blackhawks. A wasansa na farko ya ba da aka ci, a na biyu ya ci da kansa. Chicago ta cinye su a wasa huɗu a jere, ta fitar da su. Da wani ya gaya masa cewa sai bayan shekara takwas zai sake taka wannan mataki, da bai yarda ba.

Kakarsa ta farko, 1996 zuwa 1997, ta yi kyau: ci 21, maki 50, ya fi duk sababbin shiga maki, ya zo na biyu a kyautar Calder ta gwarzon sabon shiga a bayan Bryan Berard. A ƙarshen kakar ya bi tawagar manya ta Kanada zuwa gasar duniya a Finland, yana ɗan shekara 19, suka dawo da zinare. Kaka ta biyu kuwa ya faɗo zuwa ci 13 da maki 32.

Nan ya kamata mu ɗan tsaya, don wanda bai san abin da ke faruwa a kan ƙanƙarar ba zai ɗauka yaron ya yi sanyi ne kawai.

Filin NHL tsawonsa kimanin mita 61 ne, faɗinsa mita 26, kewaye da katanga da gilashi. Kowane ɓangare mutum shida: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Wasan minti 60 ne, kashi uku na minti 20, amma babu ɗan gaban da ke yin ko rabin wannan. Ana fita ne rukuni-rukuni, kowace fita daƙiƙa 40 zuwa 50, mutum ya ba da duk abin da ke ƙirjinsa, ya dawo benci, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa alhali wasa bai tsaya ba. Wanda ya wuce minti ɗaya ƙafafunsa sun zama na katako. Cinya ta cika da zugi, gwiwa ta ƙi lanƙwasa, sai ya miƙe tsaye, kuma wanda ya miƙe tsaye a kan takalmin ƙanƙara ya rasa gudu da ƙarfi gaba ɗaya. Matsalar ta fi tsanani a kashi na biyu, domin an yi musayar raga, bencinku ya yi nisa da golanku. Idan abokan hamayya suka tsare ku a gidanku, babu halin tafiya canji, sai ka ga mutum biyar sun yi minti biyu suna jan ƙafa, ƙarshenta a ci su ko wani ya maƙale mutum da sanda a kai shi akwatin horo na minti biyu. Yaron da ya saba a Kamloops yana daɗewa a fili don shi ne tauraro, wannan shi ne darasin farko da ake koya masa, kuma da tsawa.

Na biyu shi ne lokaci. A gasar matasa ɗan wasa mai ƙarfi yana karɓar faifai, ya ɗaga kai, ya duba, ya yanke shawara. A NHL wannan ɗan tsakanin babu shi. Dole ka san inda za ka kai faifan tun kafin ya iso sandarka. Wanda ya sunkuyar da kai yana kallon faifai a tsakiyar fili, wani ƙato mai kilo 100 zai taho da gudu ya sa masa kafaɗa a ƙirji, kuma doka ta yarda.

Har takalmin ma sai an sake koyonsa. Ƙarfen da ke ƙarƙashinsa kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma ba kamar wuƙa ake wasa shi ba. Ana kwarmin tsakiyarsa ne da mawashi mai juyawa, sai ya fito da kaifi biyu, na ciki da na waje. Da su ake juyawa, da su ake birki, da su ake tura ƙanƙara a yi gaba. Idan kwarmin ya yi zurfi, ƙarfen yana cizon ƙanƙara sosai, juyawa ta yi daɗi amma gudu ya ragu, ƙafa ta gaji da wuri. Idan bai yi zurfi ba, mutum yana sulalewa da sauƙi amma ƙafa na iya zamewa a kwana. Mai nauyi kamar Iginla, wanda ya kai kimanin kilo 95 a tsawon santimita 185, jikinsa kaɗai yana nutsar da ƙarfen, shi ya sa galibi masu nauyi ba sa son kwarmi mai zurfi. Abin da ya fi kawo matsala shi ne mai washi ya karkace hannu, kaifi ɗaya ya fi ɗaya tsawo: za ka juya dama lafiya, ka juya hagu ka sha ƙasa. Taka siminti ko gogar ƙarfen raga ma yana kashe kaifi nan take. A wancan zamanin sai ka cire takalmin a kai ɗaki a wasa, rukuninka ya fita ba kai. Yanzu ana zare ƙarfen a sa wani a cikin 'yan daƙiƙu a kan benci.

Sai kuma babban abu, wato irin wasan da Iginla ya zaɓa wa kansa. Ɗan gefen dama ne, mai riƙe sanda ta dama, kuma ba irin masu yanga da faifai ba ne. Sana'arsa a jikin katanga take da bakin raga, inda ake samun ci amma ake biya da jiki. Ga yadda aikin yake. An cilla faifai kusurwa, kai da ɗan bayansu kun taho tare. Kafin ka isa sai ka waiga ta kafaɗa ka ga ta ina yake. Ka shiga a karkace, ba kai-tsaye ba, ka buɗe ƙafafu fiye da faɗin kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwa, ka ba shi baya, faifan yana can gefen da sandarsa ba ta kai ba. Zai jingina da kai yana turawa. Ka bar shi ya zuba nauyinsa gefe ɗaya, sannan ka murɗe ta ɗaya gefen ka nufi raga. Kuskuren da ke karya mutane shi ne tsayawa taku ɗaya daga katanga kana fuskantarta: idan aka ture ka daga nan, kai ne zai fara isa. Ko dai ka manne da katangar ta karɓi dukan tare da kai, ko ka yi nesa da ita. Ɗan shekara 19 yana iya sanin duk wannan a ka, amma ƙugunsa da cinyarsa ba su kai su riƙe mutum ɗan shekara 30 ba. Shi ya sa masu irin wannan wasa ke jinkirin nuna. Duba lissafinsa bayan faɗuwar nan: ci 28, sai 29, sai 31. Maki 51, sai 63, sai 71. Ba tsalle, hawa ne a hankali kamar mai hawa tsani da kaya a ka.

Duk wannan kuma a gidan da rufinsa ke yoyo. Ƙungiyoyin Kanada suna karɓar kuɗin ƙofa da dalar Kanada, suna biyan albashi da dalar Amurka, alhali dalar Kanada ta yi ta faɗuwa har ta kai kusan santi 62 na Amurka a farkon 2002. A lokacin babu iyakar albashi, mai kuɗi yana kwashe duk wanda ya ga dama. Ƙungiyar Quebec ta tattara ta koma Colorado a 1995, ta Winnipeg ta koma Phoenix a 1996. Calgary ba ta tashi ba, amma ta riƙa sakin manyan 'yan wasanta ɗaya bayan ɗaya, har Theoren Fleury ya tafi Colorado a Fabrairu 1999. Kaka bakwai a jere, daga 1997 zuwa 2003, ba ta leƙa wasannin fitar da gwani ba. Shi kansa Iginla sai da suka ja daga da ƙungiyar a 1999. Ya je sansanin atisaye ba kwantiragi, ya sayi inshora da kuɗinsa don idan ya ji rauni babu mai biyansa, wasa uku na farko suka wuce shi, kafin a daidaita kan shekara uku a dala miliyan 4.9.

Abin da ya sauya lamarin, a ganinmu, ba babban ciniki ba ne. A Maris 2001 Calgary ta ba St. Louis Cory Stillman ta karɓi Craig Conroy, ɗan tsakiya da aka sani da tsaro ba da ci ba. Mutane da yawa sun taɓe baki. Amma ɗan gefe mai harbi ba tauraro yake buƙata a gefensa ba. Yana buƙatar mai gudu, mai cin jefin fara wasa, mai komawa baya ya toshe ramin da aka bari, wanda kuma ba ya jin ƙyashin miƙa faifai. Aka haɗa su da Dean McAmmond a hagu. Conroy, wanda ba a taɓa yi masa kallon mai tara maki ba, ya haɗa 75 a kakar da ta biyo baya.

Kafin kakar ta fara akwai wani abu. A Satumba 2001 tsohon gwarzon ɗan wasa Wayne Gretzky, wanda aka ɗora wa haɗa tawagar Kanada ta gasar Olamfik, ya tara manyan 'yan wasa a sansani a Calgary. Babu sunan Iginla. Simon Gagné ya ji rauni, ana neman wanda zai cike gurbi a atisaye, sai aka kira shi a ƙurarren lokaci yana Edmonton, tafiyar kusan kilomita 300. Da farko ya ɗauka wani abokinsa ke tsokanarsa. Ya je ya yi 'yan kwanaki a fili ɗaya da Mario Lemieux da Steve Yzerman da Joe Sakic, ya ga cewa ba su fi ƙarfinsa ba. Ya dawo ya fara kakar kamar an kunna masa wuta.

Ci 52 ya yi a kakar 2001 zuwa 2002, maki 96. Wanda ya san cewa Gretzky ya taɓa cin 92 a kaka ɗaya zai ce to, me aka yi? Sai an duba zamanin. A kakar 1981 zuwa 1982, lokacin da Gretzky ya yi nasa, ana cin kusan takwas a kowane wasa idan an haɗa ɓangarorin biyu. A 2002 abin ya koma biyar da 'yan kai. New Jersey Devils ta ɗauki kofi a 1995 da tsarin tarko, kowa ya kwaikwaya: mutum ɗaya ya je gaba ya karkatar da mai faifai zuwa katanga, sauran huɗu su cushe tsakiyar fili. A lokacin doka ta hana miƙa faifai ya tsallake layi biyu, wato daga gidanku ya wuce jan layin tsakiya, don haka babu halin doguwar miƙawa ta bayan tarkon. Alƙalan wasa kuma suna kau da kai ga maƙalewa da sanda da riƙe riga. Gololi sun ƙara girma, kayan jikinsu sun ƙara faɗi, kuma kusan duk sun koma salon durƙusawa a kan gwiwa su baza ƙafafu su toshe ƙasan raga. Ragar faɗinta santimita 183 ne, tsayinta 122. Idan mutum mai tsawo ya durƙusa a gabanta, abin da ya rage 'yan ramuka ne: saman kafaɗa, ƙarƙashin hammata, da tsakanin ƙafafu a daidai lokacin da yake sauka. A wannan kakar waɗanda suka bi Iginla a baya, Mats Sundin da Bill Guerin da Glen Murray, kowa 41 ya ci. Tazarar 11 ke nan, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na duk abin da Calgary ta ci daga sandarsa ya fito.

Yaya ake cin gola irin wannan? Da sauri, ba da ƙarfi kaɗai ba. Harbin da ake ɗaga sanda sama a sauke yana wuce kilomita 150 a awa a hannun ƙwararru, amma ɗaga sandar sanarwa ce, gola ya shirya, ɗan baya ya kwanta a gaba. Makamin Iginla shi ne harbin wuyan hannu, wanda ke fita yana cikin gudu ba tare da ya tsaya ya gyara ƙafa ba. Sirrin a lanƙwasar sanda yake. Hannun ƙasa yana danna sandar a kan ƙanƙara har ta lanƙwashe kamar baka, hannun sama yana ja baya, nauyin jiki ya tashi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, sai sandar ta miƙe ta watsa faifan. Kowace sanda tana da lambar tauri, wato nauyin fam nawa ake buƙata a lanƙwasa ta inci ɗaya, kuma manyan 'yan wasa sukan yi amfani da tsakanin 85 da 110. Wanda ya ɗauki wadda ta fi ƙarfinsa ba zai lanƙwasa ta ba, harbinsa ya fita a mace. Wanda ya ɗauki mai laushi da yawa faifan zai riƙa tashi ba inda ya nufa ba. Yara da yawa suna faɗawa wannan rami ba su sani ba: su sayi doguwar sanda su datse kanta, ba su san cewa datsewar ta ƙara mata tauri ba. Bakin sandar kuma a lanƙwashe yake don ya rungumi faifai, amma a lokacin doka ba ta yarda lanƙwasar ta wuce rabin inci ba. Wanda aka auna aka samu ya wuce, minti biyu a akwati. Marty McSorley na Los Angeles ya ɗanɗana wannan a zagayen ƙarshe na 1993, Montreal ta farke a cikin minti biyun nan, daga nan kuma ba ta sake waiwaye ba.

A tsakiyar kakar aka tafi Salt Lake City. Rabon Kanada da zinaren hoki a Olamfik tun 1952. Filin can ya fi faɗi, mita 30 maimakon 26, kuma dokar layi biyu ba ta aiki. Suwidin ta yi amfani da wannan a wasan farko, ta riƙa jefa dogayen miƙawa ta bayan 'yan bayan Kanada, ta lallasa su 5 da 2. Koci Pat Quinn ya sauya gola, ya sa Martin Brodeur. Suka ci Jamus da ƙyar 3 da 2, suka yi kunnen doki 3 da 3 da Jamhuriyar Cek, suka ci Finland 2 da 1. Suwidin da kowa ke tsoro kuwa, Belarus ta yi waje da ita 4 da 3, Kanada ta tarar da Belarus a gajiye ta yi mata 7 da 1. A cikin wannan lalube ne aka gano rukunin da ya dace: Sakic a tsakiya, Gagné a hagu, Iginla a dama. Wanda ya ji rauni a Satumba da wanda aka kira ya cike gurbinsa, ga su a layi ɗaya.

Ranar 24 ga Fabrairu 2002, shekara 50 cif da wancan zinaren, aka kara da Amurka a gidanta. Tony Amonte ya fara ci wa Amurka. Paul Kariya ya farke, bayan Lemieux ya bar miƙawar Chris Pronger ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa kamar zai taɓa bai taɓa ba. Kafin a tafi hutun farko Sakic ya jefo faifai bakin raga, Iginla yana can ya kafa ƙafa, ɗan baya yana jikinsa, ya danna sanda ƙasa ya tura shi ciki. Wannan shi ne cin da ya shekara biyar yana koyo: babu ado, tsayuwa ce a inda ba a son ka tsaya. Brian Rafalski na Amurka ya mayar da wasa 2 da 2, Sakic ya sake sa Kanada gaba kafin ƙarshen kashi na biyu. Saura kusan minti huɗu a tashi, ana 3 da 2, Yzerman ya miƙo masa, ya harba ba tare da ya tsayar ba. Golan Amurka Mike Richter ya kai safar hannu ya taɓa, amma faifan ya kuɓuce ya gangara cikin raga. Sakic ya rufe da na biyar. Daga baya aka ji cewa ma'aikacin da ya daskarar da filin, ɗan Edmonton, ya binne sulen dala ɗaya ta Kanada a ƙarƙashin ƙanƙarar tsakiya. Mutanen da ke yi wa wasu dariyar camfi, ga nasu.

Ya dawo Calgary ya ƙarasa kakar. Ya karɓi kofin Maurice Richard na wanda ya fi kowa ci, da kofin Art Ross na wanda ya fi kowa maki, inda Markus Näslund ya bi shi da 90. Tun daga 1981, shekara 21, mutum uku kaɗai ke karɓar Art Ross: Gretzky, Lemieux da Jaromír Jágr. Shi ya karya wannan layi, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya ɗauke shi. 'Yan wasa 'yan'uwansa suka zaɓe shi gwarzonsu, suka ba shi kyautar Lester B. Pearson.

Saura kofin Hart, na ɗan wasan da ya fi amfani ga ƙungiyarsa, wanda 'yan jarida ke zaɓa. Kowa yana jera mutum biyar, na farko maki 10, sai 7, 5, 3, 1. Da aka ƙidaya, Iginla 434, golan Montreal José Théodore shi ma 434. Aka koma ga wanda ya fi samun matsayi na ɗaya, Théodore yana da 26, Iginla 23. Hujjar masu goyon Théodore ba ta banza ba ce: ya tare fiye da kashi 93 cikin ɗari na harbin da aka yi masa, ya ja Montreal zuwa wasannin fitar da gwani, alhali Calgary tana gida. Amma mu dai muna ganin an hukunta mutum ne kan talaucin gidansu. Maki ɗaya tak, ko matsayi na biyar a takardar mutum ɗaya, da ya wadatar.

Kwantiraginsa ya ƙare a wannan bazarar, kuma duk Calgary tana jiran ta ji an ce shi ma ya bi sahun Nieuwendyk da Fleury. Ya sa hannu kan shekara biyu a dala miliyan 13, kuɗin da ƙungiyar ba ta saba ba kowa ba. Kakar da ta biyo baya ya gurɗe yatsa a faɗa, ciwon ya ƙi barinsa, ya sauko zuwa ci 35. Faɗa a NHL horon minti biyar ne ga kowa, kuma lissafinsa ba ya yi wa mai ci daɗi: ƙungiyarka ta rasa gwaninta, tasu ta rasa wanda ba ta damu da shi ba, sannan ƙashin hannu ba ya jure hular kwano. Iginla ya san wannan sarai, bai kuma daina ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga kakar 2003 zuwa 2004: yadda Conroy ya miƙa masa kyaftin, yadda koci Darryl Sutter ya ɗauko wani gola ɗan Finland mai suna Miikka Kiprusoff daga bencin San Jose, da faifan Martin Gélinas a wasa na shida da Tampa Bay, wanda har yau mutanen Calgary ke rantsuwa ya tsallake layi.